Ranar da Mai Bincike Ya Zo

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa in ji tsoron Allah in daina ja wa Injiniya aji, wai irinsa sun yi ƙaranci a gari, yau sai ku gyara zama. Ban ce ku zage shi ba. Ku dai karanta har ƙarshe, wadda ta ga har yanzu yana burge ta ta yi min magana a gefe in tura mata lambarsa, kyauta.

Saboda sababbin da suka shigo mana, ni sabulu nake yi, na wanka da na wanki, a wani ɗaki da ke ƙarshen tsakar gidanmu wanda a da shirgi ake zubawa a ciki. Na fara da bokiti ɗaya da tsohuwar muciyar Umma. Yanzu ina da durom-durom na mai, da katakan shanya tun daga ƙasa har rufi, da mata biyu da ke taya ni yanka da naɗewa. Hannuwana kuwa kada ku tambaya, soda ta gama da su, ko lalle na sa ba ya kama su da kyau.

Abin da ya kai ni banki shi ne mai babban kantin nan na bakin titi. Na kai masa samfuri, ya ba iyalinsa suka gwada, ya kira ni ya ce, "Sabulunki ya yi, amma kowanne da tsayinsa, wani ƙato wani tsigi. Ki samu injin da zai yanka su bai ɗaya ya buga musu suna. Na ajiye miki layi guda a kanta zuwa ƙarshen watan gobe. In kin kawo naki ne, in ba ki kawo ba akwai masu jira." Na fito daga kantin nan ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa, don layi guda a wurin ya fi min duk tallan da nake bi gida-gida.

Bankin farko suka ce in kawo takardar fili. Na biyu suka ce fili ko mota. A na uku saurayin da ke teburin ko ɗagowa bai yi daga wayarsa ba ya ce, "Hajiya, me za ki ajiye mana?" Na ce a raina, bawan Allah, da ina da fili da mota me zai kawo ni layin nan tun safe ban karya ba? Gidan da muke ciki ma gado ne, na Baba da yayarsa Gwaggo da ƙannensu, ko tubali ɗaya ba ka isa ka jinginar ba sai an yi taron dangi.

A wani ƙaramin banki na samu wadda ta saurare ni, wata mata mai tabarau da igiya a wuya. Ta shinshina sabulun, ta tambaye ni inda nake sayen mai, sannan ta ce su ba sa neman fili, abu biyu kawai suke so. "Mai albashi ya tsaya miki. Sannan za mu turo mai bincike ya ga sana'ar da idonsa, ya tambayi mutanen gida da maƙwabta. Ba ma faɗin rana, don an sha yi mana aron kaya a jera."

A gida ban gaya wa kowa ba. Baba ko a rediyo ya ji kalmar bashi sai ya yi a'uziyya ya sauya tasha. Gwaggo kuwa, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta, duk abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar mai shagon layinmu ya san shi har da ƙari. Na ƙudurta sai injin ya sauka a tsakar gida zan yi bayani.

Injiniya, mai nemana da aure, shi kaɗai na gaya wa. Kamfanin waya yake wa aiki, shi ke duba dogayen ƙarafan nan na sabis, albashinsa ba ya latti. Mutum ne mai farar riga da ba ta taɓa yamutsewa, maganarsa a hankali kamar kada ya tashi mai barci. Ranar da na roƙe shi ko gardama bai yi ba, ya bi ni bankin ya sa hannu yana murmushi, matar banki har tana ce min na yi dace. A mota ya kalli hannuna ya ce, "Gimbiya, hannun nan naki yana ba ni tausayi." Ni kuwa sakarai na ji daɗi har na ɓoye fuska a mayafi.

To a daidai lokacin nan kuma ya shaida wa su Gwaggo cewa mutanen gidansu za su turo a yi bincike a kaina kafin a kawo maganar aure. Tun daga ranar gidanmu bai ƙara zama lafiya ba. Ƙannena mata biyu sun riga ni aure, kullum Gwaggo cikin lissafa min take, wai na zauna ina kwaɓa soda tsarana na kai yara makaranta. Ta ji ƙishin-ƙishin cewa mahaifiyar Injiniya ba ta son mace mai yawan fita, shi ke nan ko ƙofar gida na leƙa sai ta ce, "Koma ciki, ba ki san wa ke kallo ba."

Ni ma dai zaman gidan nake, amma nawa mai binciken daban ne. Na wanke durom, na jera sabulu layi-layi, na haddace abin da zan faɗa masa tun daga narka mai har naɗewa. Sai ranar nan soda ta ƙare min ƙaf, ga kwaɓi na jira. Na zura doguwar rigata ruwan toka, na yafa mayafi, na nufi kasuwar da ke can ɗaya gefen gari. Kwana da kwanaki ba mu da wuta, ina shiga mota wayata ta mutu.

Bayan la'asar na dawo da buhu a bayan mai babur. Tun daga ƙofar gida na ga an share an yayyafa ruwa. Na shiga na tarar da Gwaggo a kan kujera cikin leshinta mai ruwan goro da ba ta fito da shi sai babban taro, har da sarƙa da awarwaro, tana fifita tana murmushi ita kaɗai.

"Lale da amarya," ta ce. "Ajiye wannan buhun wahalar ki zo ki gode min."

"Gwaggo lafiya? Baƙi aka yi?"

"Mai bincike ya zo ya tafi. Kuma wallahi yau na fitar da ke kunya."

Buhun ya kuɓuce daga hannuna. Ban tsaya jin sauran ba na ruga ɗakin sabulu na ɗaga labule, labulen ma sabo ne, ban san shi ba. Babu durom ko ɗaya, babu katakan shanya. An shimfiɗa kafet ɗin ɗakin Umma, an ajiye kujeru biyu da ɗan teburi, a kansa furen roba a kwalba. An fesa turare har ya kashe warin soda da ya yi shekaru a bangon.

"Ina kayana?"

"Suna garejin maƙwabta. Ni da matan nan naki muka kwashe kafin in sallame su, bayana har yanzu ciwo yake. Wanda bai bushe ba muka tattara a buhu." Ta biyo ni tana jan zani. "Yaro mai kunya, kaftani da hula, da 'yar jakarsa a hannu. Abinci ma ya ƙi ci, ruwa kawai ya kurɓa. Ya ce nan ne take sana'ar? Na ce wace sana'a ɗan nan? Ɗan wasa ne na rage zaman banza, in ta ga dama ta kwaɓa bokiti guda ta raba wa dangi."

Na jingina da bango, ita kuwa ta ci gaba.

"Ya ce ba ta da ma'aikata? Na ce Allah ya kiyaye, ita wa? Ya ce tana samun ciniki? Na ce mu a gidan nan mace ba ta riƙe kuɗi, ubanta ke mata komai har katin waya. Sai ya ce nan da shekara biyu kina ganin za ta ci gaba da yi? Na ce ana ɗaura aure an gama, ko ƙyallin soda ba za ta ƙara gani ba. Yana ta rubutawa. Har hoton ɗakin ya ɗauka, na san uwar mijinki zai kai wa. Mai shago da maƙwabta ma duk na riga na biya musu karatu, baki ɗaya muka yi."

"Gwaggo," na ce, "wa ya ce muku zai zo?"

"Wa kuwa in ba angon ba? Da hantsi ya kira ni ya ce, Gwaggo, mai bincike na nan tafe, a gyara gida."

'Yan uwa, kun san yadda zuciya take in tana son mutum. Har a lokacin nan uzuri nake nema masa. Na ce wataƙila da gaske ɗan gidansu ne, na banki bai zo ba tukuna. Na kai wayata caji shagon layinmu, tana kawo haske na ga kira uku daga baƙuwar lamba, da saƙon banki cewa an kammala ziyara, in zo ofis.

Washegari da safe matar banki ba ta yi min murmushin da ta saba ba. Ta juyo min da kwamfutarta. Ga kafet ɗin Umma, ga furen roba, ga gefen leshin Gwaggo a ƙuryar hoton. A ƙasa an rubuta cewa ba a samu alamar sana'a a wurin ba, mutanen gida da maƙwabta sun tabbatar.

"Kin san me wannan ke nufi?" ta ce. "A dokarmu wanda ya ba da bayanin ƙarya sunansa ake turawa inda duk masu ba da rance ke dubawa. In ya shiga can, ko na keken ɗinki ba wanda zai ƙara ba ki."

Na ajiye hannuwana a kan teburinta, na juya su ciki da baya. Na ce, "Hajiya, wannan ma aro na yi?" Daga nan kuka ya ƙwace min, na kwashe labarin duka na gaya mata. Ta cire tabarau ta rufe baki, na ga dariya ke neman kama ta, tausayi ya hana.

"Amma akwai abin da ban gane ba," ta ce. "Yaronmu da ya kira ki bai samu ba, mai tsaya miki ya kira. Ya gaya masa daga banki yake. Shi ne ma ya yi masa kwatancen gidan."

Na ƙura wa furen roban da ke cikin hoton ido. Ta ce za ta riƙe rahoton a hannunta, ta roƙi manajansu a sake turo wani, sau ɗaya tak, shi ma ba za a faɗi rana ba. "Amma sai in mai tsaya miki yana nan. Ya janye hannunsa, ba abin da zan iya."

Ina fita na tsaya a inuwar bankin na rubuta wa Injiniya, "Ka san na banki ne."

Nan take ya amsa. "Gimbiya kin tashi lafiya?"

"Ka san na banki ne ka kira Gwaggo."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake. Can sai ga shi. "Ni ban yi ƙarya ba. Mai bincike na ce, kuma mai bincike ne ya zo. Da yamma zan shigo mu yi magana."

Ya zo da farar rigarsa da ledar tuffa. Na fita da kayan aikina a jiki, ko hoda ban shafa ba, na ƙi shiga motar, na tsaya ta taga.

"Haba Gimbiya, shigo mana, mutane na kallo."

"Su kalla. Me na yi maka?"

Ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ake ba wahala. "Ke fa nake tausaya wa. In injin nan ya zo, ke da hutu har abada. Bashi a wuya, kanti na kira, ma'aikata na kira. Ni kuma in dawo daga aiki in tarar da wa? Hajiyata ta ce ba za ta iya da suruka mai warin soda ba, na rasa yadda zan gaya miki."

"Sai ka sa hannu kana dariya."

"Da na ƙi, da kin ce ba na sonki."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. A hankali yake maganar, yana gyara agogo, har da miƙo min tuffa. Na gaya masa za a iya ɓata min suna a duk bankunan, ya ce shi bai san abin zai kai haka ba, amma ai matar Injiniya ba ta buƙatar banki.

"Za su sake turo wani," na ce. "In ba ka janye ba."

Ya ɗan buga sitiyari da yatsa. "Ba zan janye ba. Amma Baffana zai zo nasa binciken cikin kwanakin nan, kuma shi ba ya faɗin rana. Ki bar ɗakin nan yadda Gwaggo ta gyara shi har ya zo ya tafi. In ya je ya ce wa Hajiya ya ga durom, ni kuma ba ruwana, sa hannuna ba zai zauna a takardar macen da ba zan aura ba."

"In na banki ya riga shi zuwa fa?"

"Sai mu ce haka Allah ya so."

Na bar masa tuffarsa na shige gida. A ɗakin Umma na zauna a ƙasa, tunda kafet ɗin yana can ɗakin sabulu, na fasa musu komai ita da Gwaggo. Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce, "To ni na sani? Bincike dai ai bincike ne!" Sai kuma ta fashe da kuka tana cewa da bakinta ta kashe min kasuwa, ta kwashi durom da bayanta mai ciwo tana murna. Na so in ji haushinta na kasa. Matar nan abin da ta sani na alheri shi ta yi min, wanda ya san komai shi ya ɗaga waya ya aike ta.

Umma ce ta ba ni mamaki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki rufa mana asiri ki bar ɗakin haka. Mako ɗaya ko biyu ne. Babanki bai san zancen bankin nan ba, kada ya ji shi tare da zancen an fasa aure. Ni na gaji da amsa tambayar mutane a kanki."

"Umma, kuɗin maganin Baba daga ɗakin nan yake fita."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na sani, 'yar nan."

Kwana biyu na bar furen roban nan yana zaune a inda nake kwaɓi. Matan da ke taya ni suka aiko suna tambaya ko su nemi wani aikin. Mai kanti ya turo saƙo, "Hajiya muna jin shiru, wata ya raba." Injiniya kuwa kullum da safe sai ya turo min fure da zuciya, wai Allah ya bar mu tare. Na shiga garejin maƙwabta na buɗe buhun da aka tattara ɗanyen sabuluna, na tarar ya haɗe ya zama curi guda, da sawun yatsun Gwaggo a jiki. Na zauna a kan durom na yi kukan da ban yi a banki ba.

A rana ta uku da sassafe na naɗe kafet na mayar wa Umma. Na cire labulen, na ajiye furen a ƙofar Gwaggo. Na aika aka kira matan nan, muka mirgino durom ɗaya bayan ɗaya, muka kafa katakan shanya. Umma tana tsaye a bakin kicin. Gwaggo ta kalle mu ta kalle mu, sai ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta zo ta kama min gefen katako tana mita, wai ita bayanta ya zama na haya.

Na narka mai, na jiƙa soda, warin nan da Hajiyarsa ba ta so ya cika gidan har waje. Na sa tsohuwar rigar aikina mai dabbare-dabbaren kala, na zura safar roba, na kama muciya. Kwaɓin ya fara kauri ke nan, daidai inda in ka saki hannu ya lalace, muka ji sallama a ƙofar gida. Muryar namiji ce da ba mu sani ba.

Gwaggo ta leƙa ta dawo da sauri, idanunta a waje. "Wani ne da kaftani da hula," ta ce ƙasa-ƙasa, "da jaka a hannu. Ba yaro ba ne, ba tsoho ba. Wai bincike ya zo." Ta riƙe min hannun riga. "Don Allah na banki ne ko na aure? Gaya min wanne zan faɗa masa."

Umma ta fito tsakar gida tana kallona. Wayata a kan taga ta yi haske, sunan Injiniya ne, ban ɗaga ba. Na ci gaba da juya muciya.

"Ko na wa ne, ɗaki ɗaya gare ni, Gwaggo," na ce. "Ki ce ya shigo."